Shekarar da Malam Haladu Ya Cinye Mana Tuwo

Abin da ya sa na tsallake shekaru da yawa a labarin da nake rubuta muku na zo kan wannan shekarar shi ne maganar da ɗana Sadik ya yi ranar Babbar Sallah. Ana cikin suyar nama ya ce wai mahaifinku ya rasu bai yafe wa yayanku tafiyarsa Japan ba. Shaidarsa ita ce ko filin jirgi bai raka shi ba, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa jin ya ambaci sunansa ba. Na yi shiru a lokacin saboda akwai surukai a wurin, amma maganar ta tsaya mini a rai. Kai Sadik, a wancan lokaci ko wando ba ka iya ɗaurawa da kanka ba. Ni kuwa ina nan a bakin ƙofar kicin. Allah bai ba ni karatu mai zurfi ba, amma ya ba ni kunne, kuma abin da ya shiga cikinsa ba ya fita.

Kun san gidan da kuka tashi a Ainu Shams, wannan da tagarsa ke kallon layin metro, jirgin ƙasan cikin gari. Malam, mahaifinku, ya zo Alƙahira karatu daga Funtuwa, ya gama, sai ɗaliban gida suka riƙe shi yana koya musu nahawu, muka zauna ke nan. Tun ranar da muka tare ya tsaya a bakin ƙofa inda ake cire takalma, ya nuna mini dokin ƙofar da ƙafarsa.

"Daga nan zuwa waje Masar ce," in ji shi. "Daga nan zuwa ciki Funtuwa ce."

Haka kuwa aka yi. Ba tebur, ba kujera, ba talabijin. Tabarma da darduma, Hausa zalla, tuwo da rana. Wanda ya shigo da "yalla" ko "khalas" na Larabcin Masar a bakinsa sai ya koma waje ya sake sallama. Ni ban ga laifin wannan ba, don ni da ma ba mai son fita ba ce. In na sauka na sayo mulukiyya, wadda ba komai ba ce illa lalonmu na gida, na gaisa da matar mai gadi, to na gama yawon duniya na wannan makon. Matan Masar na benenmu suna ce mini mai ɓuya, ina dariya.

Yayanku shi ne ɗan fari, kuma a kansa Malam ya ɗora komai. Ya haddace Alƙur'ani da wuri, muryarsa kamar ta ubansa, kuma kowa ya san littattafan da suka cika bangon ɗakin Malam shi za su koma wa. Sai dai tun yana rarrafe, in jirgin metro ya wuce sai ya bar nono ya juya. Da ya girma babu fanka ko dutsen guga da bai buɗe cikinsa ba. Da ya gama sakandare ya same ni a kicin yana murza hula, ya ce in roƙa masa Baba, shi karatun injiniya yake so, na jiragen ƙasa. Na kai saƙo. Malam bai ɗaga kai daga littafi ba.

"Ki gaya wa yaron nan, na ga waɗanda suka bi ƙarfe. Abin da ke fara fita daga idonsu kunya ce. Ban kawo shi Masar don ya koma bakanike mai kallon tsakiyar idon ubansa ba."

Yaron bai yi musu ba, ya shiga karatun shari'a kamar yadda aka ce. Amma wata rana da hantsi na leƙa ta taga na gan shi yana miƙa wa mai gadi ƙaramar jakarsa ta sukundireba da filaya. Daga nan ya daina waiwayar taga. Yana cin abinci kamar mai shan magani, wuyansa ya yi tsawo, dariyarsa ta ɗauke. Yana cikin gidan amma ina kallon ɗana yana ƙarewa, kuma ban san ta inda zan ɓullo wa ubansa ba.

A cikin wannan hali ne wani ɗalibin Malam ya zo da labarin wani tsoho ɗan Japan da ke zaune a unguwar Ma'adi. Wai ya zo Masar tun da daɗewa tare da masu harhaɗa taragun metro, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ya ƙi komawa. Larabcin kasuwa ya iya, amma yana son na littafi don ya riƙa karanta rubutun da ke jikin tsofaffin masallatai. Malam ya yi kwanaki yana jujjuya maganar, don mutumin ba Musulmi ba ne. Daga baya ya ce malaminsa na Zariya bai taɓa korar mai neman sani ba, shi ma ba zai fara ba. Sunan tsohon Harada. Bakina ya kasa, na ce Haladu, ya bi shi har ƙarshe.

Ranar da ya fara zuwa ba zan manta ba. Ɗan ƙaramin mutum, kansa fari fat, riga a goge. Kafin kowa ya ce masa komai ya cire takalmansa, ya sunkuya ya juya su suka kalli ƙofa, ya jera su daidai. Na fito gaishe shi na durƙusa kamar yadda aka koya mini. Da ya ga haka sai ya rusuna. Na ƙara yin ƙasa, shi ma ya zube a kan gwiwoyinsa ya dafa tabarma da hannu biyu. Na rasa inda zan ƙara zuwa sai dai in kwanta. Na ga goshinsa ya nufi ƙasa.

"Subhanallahi!" in ji Malam. "Ku ce masa ya ɗago! Ba a yi wa mutum sujada. Ke ma tashi, kin ja zai fasa goshi."

Rukayya 'yata ta gudu kicin ta toshe baki da mayafi. Amma na lura Malam ya daɗe yana kallon takalman nan.

Duk Asabar yake zuwa, ya hau metro daga Ma'adi har tasharmu. Yana zama a ƙasa ya naɗe ƙafafu fiye da ɗaliban Malam, littafi kuma da hannu biyu yake karɓa. Karatu na ƙarewa da azahar, to ni kuma ba a yi baƙon da zai bar gidana da rana tsaka bai ci ba. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar lalo, ina fargabar ko zai iya da yauƙi. Ashe a ƙasarsu ma suna son abu mai yauƙi. Ya wanke hannu ya ci irin namu, ya share kwanon tas, har ƙwayar shinkafar da ta maƙale a gefe ya bi ya tsince. Da kwanon ya dawo kicin na kalle shi na ce wa Rukayya, wayyo, bawan Allah, ba mata, ba mai dafa masa, yunwa ce ke cinsa a Ma'adin nan. Na ƙara malmala. Ta dawo tas. Na ƙara. A gidanmu an koya mana baƙo ya bar loma a kwano, ita ce ke gaya wa uwar gida ya ƙoshi. Kwano wankakke kuwa ƙari yake nema. Daga wannan rana tukunyar Asabar ta zama babbar tukunya.

Bayan abinci ne suke hira da Malam, yayanku na zaune a baya yana zuba shayi, ni da Rukayya muna bakin ƙofar kicin. Larabcin tsohon a hankali yake fita, rabi na littafi rabi na gareji, abin da ya wuce ni Rukayya ta raɗa mini. Wata Asabar Malam ya tambaye shi shekara nawa Turawa suka mulke su. Ya ce ai ba su yi musu irin mulkin da suka yi wa wasu ba. Ya ce sarakunansu na da sun rufe ƙasar ruf fiye da shekara ɗari biyu, baƙo ba ya shiga, ɗan ƙasa ba ya fita, wanda ya fita kuma in ya dawo ransa ne. Sai ɗan wani tsibiri da aka bar wa wasu 'yan kasuwa kamar taga.

"Madalla da sarakunan nan," in ji Malam. "Sun san abin da suke yi."

"Mun zauna lafiya, ya ustaz," in ji Malam Haladu. "Har ranar da jiragen ruwan Amurka suka tsaya a bakin tekunmu, baƙaƙe, suna hayaƙi. Mu muna da takubba masu kyau ƙwarai. Su suna da igwa. Ba su tambaye mu ko muna son baƙi ba."

Ya ce manyansu suka yi ta rigima, har jini ya zuba, daga ƙarshe waɗanda suka yi rinjaye suka ce tunda ƙofar ta buɗu, gara su koyi abin da ya buɗe ta. Suka kwashi samari suka tura ƙasashen Turawa, wannan ya koyo likita, wancan jirgin ƙasa, wancan shari'a. Suka ɗauko malamai daga waje, suka sa yara makaranta, maza da mata. Kakan babansa jarumi ne mai ɗaukar takobi, yana da tukku irin na gidansu a tsakiyar ka. Aka wayi gari an hana yawo da takobi, tukku ya zama abin dariya. Kakan ya zauna a tsakar gida aka yanke masa, matarsa ta naɗe gashin a takarda ta ɓoye tana kuka. Naman shanu ma da ba sa ci, aka ce shi ke sa Turawa ƙarfi. Ranar da aka fara dafa shi a gidansu, a waje aka hura wuta, aka rufe wurin da suke tunawa da magabatansu don kada warin ya kai can. Kuma wannan kakan da kansa ya tura ɗansa na fari ƙetare ya koyo aikin dogo.

"Kuka zama Turawa ke nan," in ji Malam.

"Mun koyi da yawa. Har abin da bai kamata ba muka koya. Mun ga suna cin ƙasashen mutane, mu ma muka fita cin na maƙwabta. Ƙarshensa wuta ta dawo kanmu. Gidan da aka haifi mahaifiyata toka ya zama."

Malam ya gyara zama, ya ce da Hausa, yana kallon bango, "To, ana ji dai ko?" Kowa ya san da wa yake. Yayanku ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da babu komai. Ni kuwa na ji haushin tsohon nan ranar, na ce ga shi ya zo ya ƙara wa ƙofa sakata. Amma haushi bai hana ni ƙara masa tuwo ba.

Sai wata Asabar cikin tsananin zafin Masar, irin wanda bango ke hucin wuta. Na yi tuwo da miyar kuka da man shanu, na ga ya share, na ƙara, ya share, na sake ƙarawa. Can sai na ji shiru. Na leƙa na ga fuskar Malam Haladu ta canza launi, gumi na zuba, ya dafa ƙasa zai tashi ya koma ya zauna. Yana ta cewa "ma'alish, ma'alish," wato a yi haƙuri, kamar shi ya yi laifi. Yayanku ya ɗauke shi kamar yaro ya sauka da shi bene zuwa wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu. Na zauna ina salati, ina cewa na kashe baƙon mutane a ƙasar da ba tamu ba. Da la'asar yaron ya dawo, ya durƙusa a gaban ubansa, ban san ko kuka zai yi ko dariya ba.

"Baba, ya samu sauƙi. Likita ya ce ciki ne ya yi masa yawa. Ashe tuntuni an hana shi abinci mai nauyi. Wai tun daga ranar Juma'a yake daina cin komai saboda tuwon Umma, in ya koma gida kuma ya sha magani ya kwanta har Lahadi."

"To don me yake cinyewa?" na ce daga bakin ƙofa. "Wa ya sa shi dole?"

"Wai a wurinsu barin ko ƙwaya ɗaya a kwano raini ne ga wadda ta dafa da wanda ya noma. Yana sharewa don a san ya gode, sai ya ga an ƙaro. Na ce me ya hana ka ce ka ƙoshi? Ya ce yaya zai kalli matar malaminsa ya mayar mata da abin da ta kawo da hannunta?"

Na ce inna lillahi, wata da watanni ina azabtar da marayan Allah! Malam kuwa dariya ta kama shi, irin wadda ban taɓa gani ba tun muna Funtuwa. Ya cire hula, ya share hawaye, ya ce, "Ke da shi ba mai ceton wani. Da ba a kai shi asibiti ba sai ɗayanku ya ga bayan ɗaya." Sai kuma dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon hular a hannunsa, sannan ya yi magana a hankali, kamar shi kaɗai ne a ɗakin.

"Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin ƙarfe. Shi da ubansa da kakansa. Ya gwammace cikinsa ya fashe da ya ce wa tsohuwa ya ƙoshi."

Ko kalmar tsohuwa ban yi musu a kanta ba, don na ji inda maganar ta dosa.

Asabar ta gaba Malam Haladu ya dawo da kwalin alewa yana ba ni haƙuri, ni ma ina ba shi, muka kusa sake zubewa ƙasa. Na sa Rukayya ta koya masa barin loma. Ya bar ta a gefen kwano yana kallonta kamar ya yi sata. Da aka kawo shayi Malam bai buɗe littafi ba.

"Wannan ɗan da kakanku ya tura ƙetare," in ji shi, "ya dawo?"

"Ya dawo, ya ustaz. Da kwat da gashin baki, ƙafafunsa sun manta zaman ƙasa. Ba wanda ya tafi ne ya dawo ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma takalmansa a bakin ƙofa yake barin su, kuma bai taɓa zama kafin ubansa ya zauna ba."

"Uban fa? Ya gaya masa ya yi kewarsa?"

"A'a. Mu ba ma faɗin irin wannan."

"Mu ma," in ji Malam.

Ya kurɓi shayi. Jirgin metro ya wuce, tagar ta yi 'yar rawarta. Sai ya nuna bayan tsohon da haɓa, ba tare da ya kalli wurin ba.

"Akwai wani yaro a bayanka. An ce yana son aikinku. Ka duba mini shi, in ka ga zai iya, ka nuna masa hanya. Sallarsa da karatunsa ni na ba shi, ba na jin tsoron su. Ɗayan abin, wato kunya, nake tsoro, kuma na ga ku ba ku yar da shi ba."

Butar shayi ta kusa kuɓuce wa yayanku. Washegari da sassafe na ji shi a ƙasa yana roƙon mai gadi ya mayar masa da jakarsa.

Sauran kun sani. Ya koma karatun injiniya a nan, ya gama, Malam Haladu ya tsaya masa har ya samu gurbin ƙarin karatu a Japan, aiki ya riƙe shi, ya yi aure a can. Abin da ba ku sani ba, ku da aka haifa a Masar kuna ganin maƙwabta na rungume 'ya'yansu a titi suna "habibi", shi ne mu ba a haka aka raine mu ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ku duba takardun nan tun daga farko, ni ma ban rubuta sunan ba, kuma ba wanda zai ce ban yafe masa wani abu ba.

Ranar tafiyar, Malam ya fita tun da hantsi bai ce ina za shi ba. Ya dawo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga wurin 'yan Sudan, shi da bai taɓa sanin inda ake sayar da gishiri ba. Ya ajiye mini ya ce, "Ki sa masa a jaka. Ki ce ke kika saya." Na ce to, kuma haka na faɗa har yau. Da lokaci ya yi kuna ta hayaniyar saukar da akwatuna, yaron ya shiga ɗaki ya yi sallar nafila. Falo ya zama ba kowa. Ina bakin ƙofar kicin na ga mahaifinku ya tashi daga kan littafinsa, ya je bakin ƙofa, ya waiga, ya sunkuya. Ya ɗauki takalman ɗansa da hannunsa, ya juya su suka kalli waje, ya jera su daidai. Ya koma ya zauna ya buɗe littafin. Da yaron ya zo ya durƙusa yin sallama, abin da ya ce masa kawai shi ne Allah ya tsare, bai ɗaga kai ba. Amma yaron ya ga takalman. Ya tsaya a kansu ya daɗe kafin ya sa ƙafa.

Ba zan ce muku abin bai ci mana komai ba. Malam ya rasu yaron na can, kafin jirginsa ya sauka an riga an kai shi makwanci. Littattafan da aka tara dominsa Rukayya ce ta gaje su, ita ke karantar da matan ɗalibai a ɗakin yanzu. Jikana na can kuwa Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba, in muna waya sai dai mu yi ta yi wa juna murmushi. Wani lokaci in metro ya wuce ina jin haushinsa, kamar shi ya ɗauke mini ɗa.

Bara da suka zo, jikan nawa ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya juya su, ba wanda ya ce masa. Na tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar lalo. Ya ci sosai, sai na ga ya tsaya, ya tura loma ɗaya gefen kwano, ya saci kallon ubansa, uban ya gyaɗa masa kai. Ashe tun a jirgi aka yi masa karatun kakarsa. Na gane sarai abin da lomar ke nufi, Sadik. Na tashi na ƙaro masa malmala.